Hawan jini da suga lokacin goyon ciki: shin suna rage wa nono ƙarfinsa?

Maman_Ihsan:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah wanda ya sani ya taimaka min, abin nan ya hana ni barci. Ƙanwata ta haihu yau kwana biyar. Cikin yana sati 34 jininta ya hau sosai, ƙafafu da fuska suka kumbura, aka ga furotin a fitsarinta, likitoci suka ce sai an ciro abin da ke cikin. An yi mata aiki, an samu mace, kilo 1.9, yanzu haka tana kwalba. Surukarta ta ce kada a kuskura a ba yarinyar nonon, wai hawan jinin da alluran da aka yi ta yi mata sun ɓata shi. Da farko na yi ta musu da ita. To amma jiya na karanta cewa matan da suka yi hawan jini ko suga lokacin ciki, sinadaran kariya da ake kira antiyoksidan suna raguwa a nononsu. Sai jikina ya yi sanyi. Shin gaskiyar tsohuwa ce? Ga shi kuma nonon ma ba ya zuwa sosai, ɗan ɗigo-ɗigo ne mai ruwan ɗorawa.

UmmuKhalifa:
Wa alaikumus salam. Barka da arziki, Allah ya raya ta, ya ba mai jego lafiya. Wannan ɗigon mai ruwan ɗorawa ai dakashi ne, kada ku bari ko ɗigo ɗaya ya zube ƙasa.

Nas_Talatu:
Yaya, shekarata 14 ina aiki a ɗakin haihuwa. Hawan jini ba ya ɓata nono, kuma allurar magnesiyam da ake yi don hana jijjiga ba ta hana shayarwa. A ba ta abinta. Nono nono ne, babu abin da ya canza a cikinsa.

Ɗan_Gobir:
Ku yi haƙuri, ni namiji ne kuma matata na da ciki wata shida, shi ya sa nake bibiyar zancen. Wai mene ne ma antiyoksidan ɗin? Kullum sai mu ji ana faɗa a tallan shayi da na sabulu, amma ba a taɓa yi mana bayani ba.

Malam_Kimiyya:
@Ɗan_Gobir, bari in gwada, ina koyar da kimiyya a sakandare. Jikinmu yana ƙona abinci da iskar oksijin don ya samu ƙarfi, kamar yadda murhu ke cin itace. Duk inda ake hura wuta kuwa sai an samu tartsatsi. A jiki ma akwai wasu ƙananan sinadarai masu zafin nama da ke fitowa daga wannan ƙonewa, in suka yi yawa suna lalata fatar ƙwayoyin halitta da kitse da furotin. Irin aikin ne kake gani in ka yanka yalo ka bar shi a iska ya yi baƙi, ko ƙarfe ya yi tsatsa, ko man gyaɗa ya daɗe ya canza wari. Antiyoksidan su ne masu kashe tartsatsin nan kafin ya kama. Wasu daga abinci muke samun su, kamar bitamin C da bitamin E da karotin, wanda shi ne ke ba karas da manja launinsu. Wasu kuma jiki ne ke ƙera su da kansa. Nonon uwa yana ɗauke da kashi biyun duka, kuma dakashi ya fi nonon da ke biyo baya yawansu. Ruwan ɗorawar da Maman_Ihsan ta gani ma karotin ne.

Likitan_Jarirai:
Malam ya yi bayani mai kyau. Amma Sista Talatu, ki yi min afuwa, zan ɗan gyara magana ɗaya. Shawararki daidai ce ɗari bisa ɗari, a ba ta nonon. Sai dai cewa babu abin da ke canzawa, wannan bai cika ba, kuma in muka faɗa wa mutane haka sannan suka karanta akasinsa a waya kamar yadda Maman_Ihsan ta yi, za su daina yarda da mu.

Ga yadda abin yake. Maman_Ihsan, ciwon da ƙanwarki ta yi, wato hawan jinin da ke zuwa bayan sati 20 na ciki, awo ya kai 140 bisa 90 ko fiye, tare da furotin a fitsari, tushensa daga mabiyiya yake. Jijiyoyin da ke kai mata jini ba su buɗe yadda ya kamata ba, sai ta riƙa samun jini yau da yawa gobe kaɗan, tana sakin irin tartsatsin da Malam ya faɗa cikin jinin uwa. Jikin uwa kuma yana kashe sinadaran kariyarsa wajen yaƙar abin. Haka ma sugan masu ciki, yawan suga a jini yana ƙara wannan tartsatsin. To nono daga jini ake tace shi, don haka masu bincike suka auna shi su gani.

Abin da suka samu bai tsaya a kan magana ɗaya ba. Wasu sun ga ƙarfin kariyar ya ɗan ragu, musamman a dakashi, kuma alamun kitsen da tartsatsi ya taɓa sun ƙaru. Wasu ba su ga bambanci ba. Wasu ma sun ga wani sinadarin ya ƙaru, kamar dai mama yana ƙoƙarin cike giɓin. Yawancin binciken a kan mata 'yan kaɗan aka yi su, kuma kowa da irin ma'aunin da ya yi amfani da shi. Amma ko a wuraren da aka ga raguwa, raguwa ce, ba gushewa ba, balle a ce nonon ya zama guba. Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta sa hawan jini ko suga cikin dalilan hana shayarwa ba.

Kuma tambayar da za ki yi wa surukar ita ce: in an hana ta nonon, me za a ba ta? Madarar gwangwani an zuba mata bitamin C da E, gaskiya ne. Amma ba ta da rayayyun sinadaran da ke aiki a nonon uwa, ba ta da ƙwayoyin garkuwar jiki. Rabin kwano daga hannun uwa ya fi wa wannan yarinya cikakken kwano daga kanti.

Nas_Talatu:
Na karɓi gyara, Likita. Mu a ɗakin haihuwa mun saba da gajarta magana ne, saboda in ka ce wa dangi "ya ɗan ragu", abin da suke ji shi ne "ya lalace".

Goggo_Ladi:
'Ya'yana, kada ku ga laifin tsohuwar nan da yawa. Mu haka muka taso muka tarar. Lokacin haihuwata ta fari, kwana uku ba a bari na ba yaro nono ba. Aka tatse dakashin aka zubar, ana ba shi ruwan dabino da madarar shanu. Har gwaji aka yi, aka tatsa a ludayi aka jefa tururuwa, wai in ta mutu nonon yana da ƙaiƙayi sai an wanke shi da magani. Yaron ya yi ta gudawa, da ƙyar ya tashi. Ba ƙiyayya ba ce, tsoro ne. Ku samu wata babba da take jin maganarta ta raka ta wurin likitan, ta ji da kunnenta. In ke kika faɗa mata, za ta ce yarinya ce ke koya mata raino.

Maman_Ihsan:
Na gode Goggo, wallahi kin faɗi gaskiya, tana son jikar sosai, a bakin ɗakin take kwana. Likita, to me ya sa nonon bai kawo ba har yau? Ni a haihuwata kwana uku ya cika.

Likitan_Jarirai:
Wannan tambayar ta fi ta farko muhimmanci a wurina. A aikinmu na yau da kullum, abin da hawan jini da suga suka fi yi wa nono ba rage masa sinadari ba ne, jinkirta zuwansa ne. Ƙanwarki ta haɗa abubuwa da yawa: ciwon kansa, aikin da aka yi mata, haihuwar bakwaini, ga yarinya a wani ɗaki ita a wani. Kowanne kaɗai yana iya jinkirta nono. Maganinsa tatsa. Ta riƙa tatsa da hannu aƙalla sau 8 a yini da dare, har da tsakar dare, ko da abin da ke fita bai cika cokalin shayi ba. Mama yana yin nono ne gwargwadon yadda ake cire shi. A tara ɗigon a sirinji mai tsabta a kai wa ma'aikatan ɗakin jarirai. Ko jaririn da bai iya tsotso ba ana ɗiga masa a gefen kunci ta ciki.

Dalilin da ya sa nake matsawa: a cikin mahaifa iskar oksijin kaɗan jariri yake samu, ranar haihuwa sai ya faɗo cikin mai yawa lokaci guda. Sinadaran kariyar da jikinsa ke ƙerawa a makonnin ƙarshe na ciki suke nuna, kuma a lokacin ne yake tara bitamin E da sauransu daga uwa. Bakwaini ya fito kafin ya gama wannan guzurin, sau da yawa kuma ana ƙara masa oksijin ta hanci. Shi ya sa idanunsa da huhunsa da hanjinsa suke cikin haɗari. Akwai wani mugun ciwon ruɓewar hanji da ke kama bakwaini, kuma an tabbatar nonon uwa yana rage shi idan aka kwatanta da madarar gwangwani. Yarinyar da ake so a hana wa nonon ita ce ta fi kowa buƙatarsa.

Amaryar_Zinder:
Ni suga na yi a cikina na uku. A sati 26 aka ba ni ruwan sukarin nan na gwaji na sha, aka ce ya hau. Na ƙarasa cikin da allurar insulin. Da na haihu, ungozoma ta ɗora min shi a ƙirji tun ban tashi daga gadon ba, ta ce 'ya'yan masu suga sugansu kan faɗi bayan haihuwa, don haka ya kama mama cikin awa ɗaya. Nonona sai ranar kwana biyar ya cika, na yi kuka na gaji, ƙanwar mijina har ta sayo gwangwani. Amma na dage, na shayar da shi shekara biyu cur. Yanzu yana aji biyu. An kuma gaya min shayarwar tana rage min haɗarin sugan ya dawo ya zauna min daga baya. Ki gaya wa ƙanwarki ta yi haƙuri da kwanakin nan, su ne masu wuya.

Abu_Sadiq:
To ai abin da sauƙi. Tunda sinadarin ne ke raguwa, a je kyamis a sayo mata bitamin E da C masu ƙarfi ta riƙa sha. Ni ma zan saya wa maiɗakina tun yanzu don kada jinin ya hau.

Famasis_Rabi:
@Abu_Sadiq don Allah dakata. Wannan tunanin naka shi ne masana suka yi a da, har suka gwada. A 2006 an fitar da sakamakon wani babban gwaji a Birtaniya, mata masu ciki sama da 2,000 da ke cikin haɗarin wannan ciwo, aka ba rabinsu bitamin C miligiram 1,000 da bitamin E mai yawa kullum. Bai hana ciwon ba, sai ma aka ga jarirai marasa nauyi sun fi yawa a ɓangaren waɗanda suka sha. Gwaje-gwajen da suka biyo baya ma ba su nuna amfani ba, shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta ba da shawarar a sha su don rigakafin hawan jinin ciki. Abin da take ba da shawara shi ne kalsiyam ga matan da ba sa samun isasshe a abinci, da ƙaramin asfirin ga waɗanda ke cikin haɗari, shi ma likita ne zai rubuta a wurin awo. Bitamin A mai yawa kuwa yana iya nakasa ɗan tayi. Ka kai ta awo a kan lokaci, a riƙa auna jini da fitsari, ta sha maganin ƙarin jini da na rigakafin zazzaɓin cizon sauro da ake bayarwa.

Abu_Sadiq:
Allah ya saka da alheri Hajiya. Da tuni na yi ɓarna da kyakkyawar niyya.

Mai_Zogale:
Ba sai an je kyamis ba ma. Abin da muke da shi a kasuwa ya isa. Bitamin C da bitamin A na cikin nono suna bin abin da uwa ke ci, musamman macen da da ma jikinta ya rasa. Kwaɗon zogale, miyar alayyafo da manja, taushe da kabewa, karas, gwaiba, lemo, mangwaro in lokacinsa ne, kunun garin ƙwame na 'ya'yan kuka, gyaɗa da riɗi, ƙwai, hanta jefi-jefi. Abin da ke ba ni takaici shi ne mai jego ta yi kwana arba'in daga kunu sai tuwo da yaji, ba ganye ba 'ya'yan itace. Kuma a daina dafa ganye har ya yi baƙi, zafi yana kashe bitamin C.

Hajjo_Katsina:
Ai kunun kanwa shi ne ke kawo nono, mu shi muka sha muka shayar da goma. Ku dama mata mai kauri da safe da yamma, a haɗa da wankan jego, cikin kwana biyu za ku ga ya ɓalle.

Likitan_Jarirai:
Hajiya, da girmamawa, ga wannan mai jegon kam a'a. Kanwa cike take da sodiyam, sinadarin nan na gishiri da ke riƙe ruwa a jiki ya ɗaga jini. Tun shekarun 1970 likitoci a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya suka rubuta yadda mata da yawa ke zuwa da ciwon zuciya bayan haihuwa, suka kuma alaƙanta shi da yawan shan kanwa da gasa jiki da zafi. Matar da aka yi wa aiki saboda hawan jini, jininta yana iya sake hawa a kwanakin farko bayan haihuwa, jijjiga ma tana iya zuwa bayan an sauka. A dama mata kunu, na gyaɗa ko na tsamiya, amma ban da kanwa. In ta ji ciwon kai mai tsanani, ko ganinta ya dushe, ko numfashi ya yi mata wuya, a sanar da likita nan take.

Hajjo_Katsina:
To, Allah ya kyauta. Ni dai ban ga ya yi min komai ba, amma ni ban taɓa hawan jini ba.

UmmuKhalifa:
Zoɓo fa? An ce yana sauke jini.

Famasis_Rabi:
Kada ya zama madadin magani. Magungunan hawan jini da aka saba ba masu jego, irin su nifedifin da labetalol, ana shayarwa da su lafiya. Haka insulin da metfomin ga masu suga. Babbar matsalar da nake gani ita ce mace ta daina shan maganinta a ɓoye don tsoron zai shiga nono. Ta gaya wa likita tana shayarwa, shi zai zaɓa mata wanda ya dace.

Baban_Biyu:
Namu tagwaye ne, sati 33. Tambayata a kan ajiya ce. Matata tana tatsa a gida ina kaiwa asibiti a babur, ga wuta ba ta zama. Shin antiyoksidan ɗin suna nan in nonon ya kwana?

Malam_Kimiyya:
Suna raguwa a hankali. Sabon tatsa ya fi wanda ya kwana a firji, wanda ya kwana a firji ya fi wanda aka daskarar ya daɗe, kuma bitamin C ne ke saurin tafiya. Ƙa'idar da aka fi bi ita ce awa 4 a ɗaki mai sanyi-sanyi, kwana 4 a firji mai aiki. A zafin Afrilu irin namu kada ka jira awa huɗun ma. Ka samu ƙaramar kula da ƙanƙara, mazubi mai murfi, ka rubuta lokacin tatsa a jiki. Kada a tafasa shi a wuta, a tsoma mazubin cikin ruwan ɗumi kawai. Wani abin sha'awa, nonon dare yana ɗauke da melatonin, sinadarin barci wanda shi ma mai kashe tartsatsi ne, na rana kuwa kusan babu shi.

Nas_Talatu:
@Baban_Biyu in da hali ta tare a asibitin ya fi. Ku tambaya game da goyon kangaru, a ɗora jariri tsirara a ƙirjin uwa fata da fata a ɗaure da zane. A Bogota ta ƙasar Kwalambiya aka fara shi a ƙarshen shekarun 1970 saboda ƙarancin kwalba, kuma a 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a fara shi nan da nan bayan haihuwar bakwaini. Yana ɗumama jariri, yana kuma sauko da nono fiye da duk wani kunu. Kai ma za ka iya goya ɗaya tana goya ɗaya.

Ɗan_Gobir:
Ni har yanzu akwai abin da ke min yawo a kai. In har wasu binciken sun nuna ya ragu, ba a auna nonon mace a asibiti a gani ko nata ya ragu?

Likitan_Jarirai:
Wannan awon na ɗakin bincike ne, ba a yin sa a aikin asibiti, kuma ko an yi ba zai canza shawara ba. Abin da muke aunawa shi ne jaririn: nauyinsa, fitsarinsa, yadda cikinsa ke karɓar abinci. Bakwainin da ya yi ƙanƙanta sosai wani lokaci ana ƙara masa sinadarai a kan nonon uwarsa, ko a rubuta masa ɗigon bitamin da na ƙarin jini. Ƙari ne a kai, ba a cire nonon.

Maman_Ihsan:
Na dawo daga asibiti yanzu. Na bi shawarar Goggo_Ladi, na ɗauki yayar babanmu muka tafi da surukar wurin likitar ɗakin jarirai. Ta saurara, ba ta ce ta yarda ba, amma da aka zo kai sirinjin ita ta karɓa ta miƙa da hannunta. Yau ƙanwata ta tatsa sau bakwai, na ƙarshen ya kai mililita 15. Jininta bai gama sauka ba, an ƙara mata magani. An ce gobe za a gwada goyon ƙirji. Na hana kanwa, na kai mata kwaɗon zogale da gwaiba. Ku ci gaba da sa mu a addu'a.

Goggo_Ladi:
Alhamdulillahi. Allah ya raya mana ita, ya sa a yi suna lafiya.

Amaryar_Zinder:
Amin. Likita, ni ma ina da tawa. Ina da ciki na huɗu yanzu, wata uku. Tunda na yi suga a wancan, in na riƙe shi da kyau tun daga yanzu, nonon zai zo da wuri a wannan karon, ko dai in shirya wa wasu kwana biyar ɗin?

Nas_Talatu:
Kafin Likita ya shigo, ki gaya musu tarihin nan a awonki na gaba don a gwada ki da wuri, kada a jira sati 24. Kuma ki ce a koya miki tatsa da hannu tun kafin wata tara.